Katakon da Yake Kuka a Gaban Ƙararrawa

Mai girma shugaban wannan taro, magajin garinmu na Kirnau, Injiniya Gottfried Aschauer. Mai girma Fada, limamin cocinmu, wanda ya sa wa wannan zaure albarka da safe, ya kuma yi alkawarin ba zai yi gyangyaɗi a cikinsa da yamma ba. Shugaban 'yan kwana-kwana tare da jaruman da ke ƙarƙashinsa. Jagorar makaɗanmu, Malama Verena Haslauer. Makaɗa da mawaƙa da ke jira a bayan labule. Manoman inabi da suka baro gonakinsu. Baƙinmu da suka taso daga Vienna. Iyayenmu mata da iyayenmu maza, samari da 'yan mata. Da kuma wani dattijo da ke zaune a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, wanda har yanzu ya ƙi cire kwat ɗinsa: ina gaishe ku gaba ɗaya, barkanku da zuwa. Idan na tsallake wani ban ambaci muƙaminsa ba, ya yi mini afuwa, don na san a ƙasar nan gara ka taka wa mutum ƙafa da ka manta ba ka ce masa Dokta ba.

Saboda baƙi, sunana Hermine Gratzl, ni ce shugabar ƙungiyar kiɗa da waƙa ta wannan gari, kuma ni ce nake fitowa a matsayin gwaggo mai masifa a wasanmu na kowace shekara. Mijina ya ce ba na buƙatar gwaji kafin in hau.

Zan fara da godiya, domin ita ce ta fi cancanta da a fara da ita. Bara kogin Donau ya yi ambaliya, ya shigo wannan zaure ba tare da tikiti ba, ya zauna a kujerun gaba, ya cika ramin da makaɗa ke zama a gindin dandamali, ya bar mana laka har gwiwa. Ina gode wa 'yan kwana-kwana da suka zuƙe ruwan. Ina gode wa matan da suka kwashi rigunan wasa suka wanke su ɗaya bayan ɗaya, suka shanya su a igiyoyin gidajensu, har garin nan ya yi kamar sarakai ne suka sauka a kowane tsakar gida. Ina gode wa manoman da suka ba da taraktocinsu, da waɗanda suka ba da ƙarfinsu, da waɗanda ba su da ko ɗaya amma suka kawo kofi da burodi. Ina gode wa kafintanmu, Toni Reisinger, da ya shimfiɗa mana sabon daɓe na katako mai santsi da kyau, daɓen da ko giwa ta taka ba zai ce uffan ba. Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Abu na farko da nake so in tuna mana shi ne wasan da ya tara mu. Operettar nan tamu, wato wasan kwaikwayonmu na waƙa da raha, Basarake Mai Fulawa, ta girmi kowa a zauren nan, ta girmi iyayenmu da kakanninmu. Labarinta bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba: mai gidan burodi ya ari rigar sarauta ya shiga gidan rawar manya, ya faɗa soyayya da wata gimbiya, ashe ita ma wankau ce da ta saka rigar da aka ba ta wanki; fulawar da ke kafaɗarsa ta tona masa asiri, kaushin hannunta ya tona nata, suka dubi juna suka fashe da dariya, aka yi biki. Ke nan. Babu wanda ya mutu, babu wanda aka kora daga gari, kuma ko mugun cikin wasan sai da aka ba shi kujera a wajen walima. Akwai masana da ke cewa irin wannan wasa shirme ne, ba shi da zurfi. Ni kuwa na ga shekarun da inabi ya lalace, na ga shekarun da aka rufe masana'anta, na ga mutanen da suka shigo zauren nan fuska a murtuke suka fita suna fito. Wasan da zai iya yin haka, ni dai ban isa in kira shi shirme ba.

Abu na biyu shi ne kiɗan share fage, wanda ake yi kafin a ɗaga labule. Shi ya fi wasan kansa suna. Ana sa shi a rediyo, ana kaɗa shi a manyan zauruka na Vienna, direban bas yana fitonsa, mai shara yana fitonsa, mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba ma sun haddace shi. A cikinsa ake ɗanɗana mana kowace waƙa da za ta zo, kaɗan-kaɗan, kamar yadda uwar gida ke ba ka miya a bakin ludayi kafin a zuba abinci. Yana farawa da gudu, ƙahoni su yi kururuwa, sarewa ta yi tsegumi, tambura su yi rugugi har ƙirji ya ɗauka, sai kuma komai ya tsaya cak. Shiru. Daga nan ƙararrawa ta buga, masu goge su shigo da kiɗan rawar wals ɗin nan da ke sa tsofaffi su manta da ciwon gwiwa.

A Vienna shirun nan bai wuce jan numfashi ba. A Kirnau kuwa ya fi haka tsawo, kuma tun muna yara aka gaya mana wai hikima ce ta wanda ya tsara kiɗan, wai mu kaɗai muka riƙe yadda ya so a yi. Muka yi ta taƙama da wannan a gaban baƙi. Gaskiyar maganar ba ta kai nan ba. Ƙungiyarmu ba ta taɓa samun makaɗin ganga fiye da ɗaya ba. Tambura suna wannan kusurwa ta ramin, ƙararrawa kuwa tsohuwar ƙararrawar jirgin ruwa ce da aka kafa a jikin ginshiƙi a waccan kusurwa, ba ta ciruwa. Dole wanda ya gama rugugin ya ajiye sandunansa, ya ratsa ta bayan masu goge, ya je ya buga ta. Tafiyarsa ita ce shirunmu.

Mutumin da ya yi wannan tafiya tun kafin a haifi yawancinku shi ne Ignaz Pointner. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne kuma mai kwat ɗin can na kusa da ƙofa. Yaya, ba sai ka ɓoye fuska a cikin hula ba, kowa ya san kai ne.

Kun san abin da ya same shi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, Allah ya tashe shi, hannuwansa suka dawo garau, amma ƙafar hagu ta zama sai ya ja ta. Ya dawo bakin tamburansa a wasan ƙarshe da muka yi kafin ambaliya. Ya yi rugugin nan kamar yadda ya saba, ya ajiye sanduna, ya kama hanya. Shirun ya yi tsawo, ya ƙara tsawo. Wani baƙo, bawan Allah, ba da mugun nufi ba, ya ɗauka an gama, sai ya fara tafi. Wasu suka yi dariya. Ni ina bayan labule ina leƙe, na ga bayan wuyan yayana ya yi ja. Ya isa, ya buga ƙararrawar, ya kaɗa wasan har ƙarshe bai yi kuskure ko ɗaya ba, sannan ya naɗe sandunansa a tsumma ya tafi gida. Washegari na same shi, na ce, "Yaya, don mutum ɗaya ya yi tafi?" Ya ce, "Hermine, na ji dariyar. Ni makaɗi ne, ban zo a ji tausayina ba. Ku nemi mai ƙafa biyu." Tun ranar bai sake taka zauren nan ba sai yau. Matarsa Burgi ta gaya mini yana wuni a bakin taga yana kallon kogi, yatsunsa suna bugun tebur, in ta yi magana ya ce ƙuda yake kora. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi mini.

Abu na uku shi ne abin da ya faru a gwajinmu na farko a kan sabon daɓe, kuma ina roƙon masu goge su yi haƙuri, don yau sai na faɗa.

Malama Verena ta zo mana daga Vienna da iliminta da ƙuruciyarta da haƙurin da ban san inda ta samo shi ba. Da ta ji makaɗinmu ya ajiye aiki, ta yi abin da kowane mai hankali zai yi: ta raba aikin gida biyu, ta ba malamin makarantarmu tambura, ta tsayar da Dagmar, ma'aikaciyar jinya, a gindin ƙararrawa. Babu sauran tafiya, babu sauran jira. Aka fara. Ƙahoni suka yi nasu, sarewa ta yi nata, tambura suka yi rugugi, aka tsaya. Malama Verena ta sauke sanda, Dagmar ta buga ƙararrawa, masu goge kuwa suna zaune zuru, kowa da gogensa a haɓa, babu wanda ya motsa. Aka koma baya, aka sake, haka. Aka kuma sakewa, haka.

Malama Verena ta ajiye sanda ta dubi shugaban masu goge, likitan dabbobinmu, Dokta Ebner, ta ce, "Ranka ya daɗe Dokta, lafiya? Me kuke jira?"

Ya ce, "Ai ba mu ji ba tukuna, Malama."

Ta ce, "Ba ku ji me ba? Ƙararrawar nan har a bakin kogi an ji ta."

Ya sosa ƙeya ya ce, "A'a, ba ita ba. Abin nan dai. Wanda ake ji kafin ita."

Ta ce, "Wane abu? Babu komai kafin ita a takarda."

Dokta ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya dubi silin. Sai Gwaggo Mitzi, mai babban gogen nan da ake jingina wa a gwiwa, wadda ta haura tamanin kuma ba ta jin kunyar kowa, ta ɗago kai ta ce, "'Yar nan, ƙiiiii suke jira."

Sai ramin ya kece da dariya, har mai ƙaho ya sarƙe. Ashe a tsohon daɓe akwai wani katako dab da ginshiƙin ƙararrawa, wanda ke kuka in an taka shi. Duk lokacin da Ignaz ya iso, sai ya taka shi, katakon ya yi ƙara, masu goge su ɗaga hannu su ja numfashi tare, ƙararrawa ta buga, su shigo. Babu wanda ya tsara haka, babu wanda ya koya wa wani, babu ma wanda ya san yana yi. Gwaggo Mitzi ta ƙara da cewa, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, ba raini ba ne. Jagorori huɗu na binne a garin nan, kuma a daidai wurin nan babu wanda muka taɓa kallon sandarsa." Toni kafinta yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "To ni yanzu laifina shi ne na yi aiki mai kyau?"

Wata jagorar da ta tattara takardunta ta koma Vienna, ta samu labarin da za ta riƙa ba ƙawayenta har tsufa. Malama Verena ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zage ta koya musu kallon sanda. Kuma sun koya, ba zan rage musu ba. Yanzu in ta sauke hannu suna shigowa tare, daidai wa daida. Amma ita ce da kanta ta same ni bayan wani gwaji, muna shan kofi, ta ce, "Gwaggo Hermine, suna shigowa kan lokaci, amma kamar sojoji. Wals ɗin ba ya lilo. Numfashin da suke ja tsakanin kukan katako da ƙararrawa, shi ne yake ba shi daɗinsa, kuma sandata ba za ta iya ba su shi ba. Ina tsohon katakon?"

Muka tafi bayan ofishin 'yan kwana-kwana inda aka jibge tsofaffin katakai, ni da ita da Toni. Jama'a, da kun ga mace mai digiri biyu a kan kiɗa ta tattare siket tana taka katakai ɗaya bayan ɗaya tana kasa kunne, da kun san ba mu yi zaɓen banza ba. Muka taka duk abin da ke wurin, babu wanda ya yi irin kukan da muke nema. Muka dawo jiki a sanyaye. Sai da na ba Burgi labari, ta kama baki ta ce, "Hermine, wani katako mai tabon ƙusa a gefe? Ai yana rumfarmu ta baya. Ranar da ake kwashe laka mijin nan ya sa na tuƙa shi a mota, ya ce iska zai sha. Ya tsaya ya yi ta tono a cikin tarkace, ya ɗauko shi, ya wanke, ya shanya a inuwa, ya lulluɓe da bargon da na yi wata ina nema. Na ce me za ka yi da shi, ya ce wuta zai hura. Ga hunturu ya zo ya wuce, bai hura ba."

Yaya Ignaz, ka ce ka gama da mu, ka ce mu nemi mai ƙafa biyu. Mutumin da ya gama da wuri ba ya lulluɓe katakonsa da bargo.

Kuma kada ka wahalar da kanka zuwa rumfa in ka koma gida, ba ya can. Ranar Laraba da aka kai ka ganin likita, ni da Burgi muka ɗauko shi, Toni ya cire sabon katako guda daga daɓensa mai kyau, yana yi yana gunaguni, ya mayar da tsohon a mazauninsa. Mun gwada shi. Dagmar ta taka, bai kula ta ba, ba ta da nauyi. Dokta Ebner ya taka, ya yi wani irin gurnani da ya sa Gwaggo Mitzi ta ce ai sai a kira masa likitan dabbobi. Ko da ya yi kuka, masu goge ba su motsa ba, domin ba ƙarar kaɗai suka saba da ita ba. Sun saba da jin ka taho, sun saba da jiran ka.

Malama Verena ta je har gida ta roƙe ka, ka ba ta kofi da kek, ka ce mata, "Malama, shirun zai yi tsawo, za a sake dariya." Ina so ka ji amsar da ta ba ni a hanya, tunda kai ba ka bari ta ƙarasa ba. Ta ce, "Zan riƙe sandata a sama har ya iso, ko hannuna zai sage."

Wannan ya kawo ni ga abu na ƙarshe, kuma roƙo ne gare ku, jama'ar Kirnau da baƙinmu. Mun jira ruwa ya janye. Mun jira bango ya bushe. Kowace shekara muna jiran inabi ya nuna, babu wanda ya taɓa tsayawa a gona yana yi masa tsawa don ya yi sauri. Ashe za mu kasa jiran mutum ɗaya ya ratsa rami, mutumin da ya kaɗa a bikin aurenmu, ya kaɗa a jana'izar iyayenmu? Ina roƙon ku, idan rugugin ya tsaya, kada wanda ya tafa, kada wanda ya yi tari, kada wanda ya dubi agogo. Wanda ke zaune kusa da baƙo ya riƙe masa hannu. Shirun zai fi na da tsawo, to, sai me? Mun yi shekara da shekaru muna yi wa mutanen Vienna taƙama da tsawonsa, bana sai mu ƙara taƙama. Wanda ya yarda zai jira, ya ɗaga hannu in gani.

Yaya, ɗago kai ka duba. Ka juya ka dubi zauren nan. Har Fada ya farka ya ɗaga nasa.

Malamin makaranta ya bar maka kujerar tambura, ga ta can babu kowa a kai. Dagmar ta ce ta fi son ta zauna ta ji wals ɗin da kunnenta. Sandunanka suna cikin jakar Burgi, a ƙarƙashin kek ɗin da aka ce maka shi kaɗai za ka zo ci. In ka ƙi, za mu kaɗa ba kai, za mu bi sanda, kuma babu wanda zai zarge ka. Amma ni ƙanwarka ce, na san abin da yatsunka suke bugawa a kan tebur, kuma ba na so in wuce ta gaban tagarka in ci gaba da ganin ka a can.

Me ya ce? Burgi, ban ji ba, me ya ce? Jama'a, wai ya ce tun ina yarinya ɓarauniya ce ni. Na amsa, Yaya. Amma ga shi yana cire kwat.

Kada ku tafa, mun yi alkawari. Ku matsa masa hanya kawai, kada wanda ya kama shi, ba ya so. Taho a hankali, Yaya, ina da addu'o'i da yawa.

Allah ya albarkaci wannan taro da duk wanda ya halarce shi. Allah ya tsare mana wannan zaure, ya sa kogi ya tsaya a inda aka ajiye shi. Allah ya saka wa 'yan kwana-kwana da alheri, ya mayar da su gidajensu lafiya duk lokacin da suka fita. Allah ya ba gonakinmu damina mai albarka da rana mai kyau. Allah ya ji ƙan waɗanda suka zauna a kujerun nan kafin mu, ya raya yaran da za su zauna bayanmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba tsofaffinmu ƙarfin ƙafa, ya ba matasanmu haƙurin jiran su. Allah ya ƙara wa hannun Malama Verena ƙarfi, don yau zai yi aiki. Allah ya mayar da baƙinmu Vienna lafiya, da labari mai daɗi a bakinsu.

Ga shi ya sauka ramin. Hanyar tambura ta gaban ginshiƙi ta bi, ku yi shiru, ku kasa kunne.

Kun ji? Dokta Ebner, sauke hannunka, ba yanzu ba, wucewa kawai yake yi.

Malama Verena, makaɗinki ya iso.

Na gode.